Duba-Gari Da Abokan Aikinsa

Cikin darussan zaman jama'a da a ke koya wa yara a firamare akwai wanda ya shafi mutanen da ke yi wa gari aiki. Sau da yawa malami yakan gama shi cikin rabin sa'a. Ya rubuta likita da ɗan sanda da alƙali a allo, yara su maimaita sau uku, a kaɗa ƙararrawa, shi ke nan. Ni dai a ganina wannan darasi ya fi ƙarfin haka, gama akwai waɗansu ma'aikata da ba su cika shiga allon ba, alhali kuwa lafiyar yaran nan da ke zaune gabanmu tana hannunsu tun kafin a kai ga likita. Ina nufin duba-gari, da mai shara, da mai yashe lambatu, da mai duban nama a mayanka, da malamin da ke yanka tikiti a kasuwa. Saboda haka na ga ya kamata in tattara abin da ya sawwaƙa a kansu, ko ya taimaki 'yan'uwana ɗalibai da za su fita koyarwar gwaji.

Da fari sai mu san ko ma'aikatan wane ne su. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, guda 17 daga cikinsu a Jihar Filato. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafta ayyukan da aka ɗora musu. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da bayan gida na jama'a. Akwai kwasar shara da ƙazanta, da gyaran hanyoyin cikin gari da magudanun ruwa da fitilun titi. Akwai maƙabartu, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa ido kan gidajen abinci da gidajen burodi, har da ba da lasin na keke da amalanke da baro da kwalekwale. Bayan haka an ce su sa hannu cikin ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona.

Wanda ya karanta jerin nan zai ga ba wani abin alfarma a ciki. Ba jirgin sama, ba soja, ba jakadu. Amma ku duba da kyau. Tun daga ranar da aka rubuta sunan jariri har ranar da aka kai mutum makwancinsa, ba ranar da zai fita ƙofar gida bai taka aikin ƙaramar hukuma ba. Mutum yana iya tsufa bai taɓa ganin minista da idonsa ba, amma in mai shara ya yi sati guda bai zo ba, hancin kowa zai ba shi labari.

Kakanninmu ba su san ƙaramar hukuma ba, En'e suka sani. Ita ce ke karɓar haraji ta zuba a baitulmali, ta biya malaman asibiti da na makaranta da leburorin hanya, har zuwa 1976 da aka yi gyara aka maida tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka. A zamanin En'e ɗin nan ne duba-gari ya yi suna. Yarabawa suna ce masa wole-wole, watau mai shiga gida-gida, mu kuwa muka kira shi da aikinsa.

Aikin ya yi ƙarfi ne a Ikko. A 1924 annobar nan da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta faɗa wa birnin, ta yi shekaru tana kisa a unguwannin da mutane suka cunkushe. A 1925 aka naɗa Dokta Isaac Ladipo Oluwole, wanda ya yi karatun likita a Gilasgo, mataimakin likitan tsabta na Ikko, a 1936 kuma ya zama babban likitan tsabta, baƙin mutum na farko da ya riƙe wannan muƙami. Shi ya kafa makarantar koyon aikin tsabta a Yaba, aka kuma buɗe irinta a Kano da Badun. Daga makarantun nan ne samari suka riƙa fitowa da kaki mai sitaci da littafi a hannu, suna bin gari lungu-lungu. Yanzu sunansu a ofis jami'an lafiyar muhalli, tun 2002 kuma suna da hukumar da ke yi musu rajista bisa doka, amma a bakin talaka har gobe duba-gari ne.

Abin da ke cikin randa

Ku tambayi kowace tsohuwa abin da duba-gari ke fara nema in ya shiga gida, za ta ce muku randa. Yakan buɗe faifan, ya zura ludayi, ya ɗebo ruwa ya kawo haske. In ya ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki, sai a tuntsurar da ruwan, a rubuta sunan maigida, wani lokaci har a kai ga tara a gaban alƙali. Mutane da yawa sun ɗauki wannan neman fitina ne kawai. Ga dalilinsa.

A 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya gano ƙwayar zazzabin cizon sauro cikin cikin sauro. A 1900 kuma likitocin Amurka a ƙarƙashin Walter Reed suka tabbatar a tsibirin Kuba cewa sauro ne ke yaɗa zazzabin shawara. Sauro kuwa ba ya haihuwa sai a ruwa. Macen takan saka ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, tsutsa ta dunƙule, sa'an nan sauro ya fito ya tashi. A ƙasa mai zafi duk wannan ba ya wuce kwana bakwai zuwa goma. To, kun ga asirin. In ana juye randa ana wanke ta sau ɗaya a sati, ba tsutsar da za ta kai ga yin fiffike. Wankin kuwa sai da soso, domin ƙwan yakan manne a jikin randa daga ciki, ya bushe, ya yi watanni yana jiran ruwa.

A nan akwai wani abu da ya kamata malami ya riƙe sosai, gama har manya sukan rikita shi. Sauro ba iri ɗaya ba ne. Mai kawo zazzabin da muka saba da shi ya fi son ruwan da ya kwanta a ƙasa, kamar kududdufi da ramin da aka haƙa don yin tubali da sawun tayar mota bayan ruwan sama. Wanda ke haihuwa cikin randa da gwangwani da tsohuwar taya da kwalbar da aka yar, wani ne dabam, baƙi mai fararen zane a ƙafafu, yakan yi cizo da rana, shi ne kuwa mai kawo shawara. Na uku shi ne na lambatu, mai son ruwa mai wari, mai hana barci da kuka a kunne. Ko daga tsutsa ana iya bambanta na farko: tasa takan kwanta miƙe a fuskar ruwa, ta sauran biyun kuwa takan rataya kai ƙasa. Kada wani ya ce shawara labarin dā ne. A 1969 ta yi ɓarna ƙwarai a nan Filato, har yanzu kuma tana ɓullowa nan da can a Nijeriya, shi ya sa a ke yi wa jarirai allurarta suna wata tara.

Tun da ya ke aikin yana da dalili mai kyau haka, me ya sa aka ƙi jinin mai yinsa? Sai mu faɗi gaskiya, ba duka laifin jahilci ba ne. Na ɗaya, ba a cika bayyana wa mutane dalilin ba. Doka ce ta zo da tara a bayanta, wanda kuwa aka ci tararsa ba ya tsayawa jin darasi. Na biyu, namiji baƙo ya ratsa zaure ya shiga har ɗakin matan aure abu ne mai nauyi, balle a gidajen da a ke kulle, har sai da aka ɗauki mata aikin a waɗansu garuruwa. Na uku, duk inda aka ba ƙaramin ma'aikaci ikon cin tara, albashinsa kuwa bai taka kara ya karya ba, an buɗe ƙofar toshi. Tsofaffi sukan ba da labarin duba-garin da in ya ga kaza ko sule sai idonsa ya daina ganin tsutsa.

Akwai kuma na huɗu, wanda ya fi sauran zurfi. Turawa sun kawo dokokin tsabta ne da fari don kāre kansu. Bisa tsarin garuruwa na zamanin Gwamna Lugga, wanda dokar 1917 ta ƙarfafa, akan bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya ciji ɗan ƙasa ya kai ga Bature. Can ne aka fara kai famfo da hanya mai kyau da masu yankan ciyawa. Unguwar talakawa kuwa rabonta duba-gari da tara. Mutane ba makafi ba ne, sun ga wannan. Turawan sun tafi tun 1960, amma in kun zaga kowane babban gari ku duba inda motar shara ke zuwa kullum da inda ba ta zuwa sai an yi baƙo, za ku ga yadi 440 ɗin nan bai gama shafewa ba.

Mai tsintsiya da mai shebur

Duba-gari dai gani ya ke yi ya rubuta. Mai kawar da abin shi ne lebura. Mata masu sharar titi sukan fito tun assalatu, kafin motoci su yi yawa, da doguwar tsintsiya, sunkuye cikin ƙura da sanyin hunturu. Wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san abin da na ke faɗi. Bayansu sai masu baro da masu lodin mota, su kwashe abin da aka tara su kai juji bayan gari. Da yawa daga cikinsu ba ma'aikatan dindindin ba ne, ba su da fansho, safar hannu da takalmin roba ma ba kullum su ke samu ba, ga fasassun kwalabe da tsofaffin allurai cikin sharar.

Amfanin aikinsu sai an yi lissafi a ke gane shi. Ƙuda yakan saka ƙwai wajen ɗari a zama ɗaya, cikin ruɓaɓɓen abinci ko kashi ko taki. Da zafi, kwana goma sun isa ƙwan ya zama ƙuda. Ku ba 'yan aji biyar wannan: in rabin ɗarin nan mata ne, kowace kuma ta saka nata ɗarin, ƙuda nawa ke nan? Dubu biyar, daga uwa guda, cikin abin da bai wuce wata ɗaya ba. Gaskiya ne ba duka ke rayuwa ba, amma lissafin ya nuna abin da ya sa sharar da aka kwashe yau ba ɗaya ta ke da wadda aka bari ta yi sati biyu ba. Ƙudan nan da ya tashi daga bola ko bakin masai, shi ne zai sauka a kan tsire da yankakken mangwaro da bakin jariri mai barci, da ƙazanta a ƙafafunsa.

Aikin mai yashe lambatu ya fi na kowa muni, ya kuma ƙaru a zamaninmu. Sharar dā ganye ce da toka da ɓawon rake, in an bar ta ta ruɓe ta zama taki, manoma ma har nemanta su ke yi. Ta yau leda ce da robar ruwan sha, waɗanda ba su ruɓewa. Iska ta kwashe su ta zuba a lambatu, yashi ya taru a kansu, ruwan farko na damina ya zo ya rasa hanya, sai ya bi ta cikin gidaje. Mutanen Jos ba su manta da ambaliyar watan Yuli na 2012 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje a wajen Rikkos. Ruwa mai yawa ba wanda ya isa ya tsai da shi, amma ko zai sami hanyar wucewa ko ba zai samu ba, wannan yana hannun mutane: wanda ya ba da izinin gini a bakin rafi, da wanda ya zuba shara a kwalbati, da wanda ya kamata ya aika lebura da shebur tun watan Afrilu.

Daga masai zuwa rijiya

A dā, a barikoki da unguwannin ma'aikata da sabon gari, akwai bayan gida na bokiti. Da tsakar dare waɗansu mutane sukan bi ta bayan gidaje, su zare bokitin ta wata 'yar ƙofa, su ɗauka a ka su kai rami bayan gari. Sukan rufe fuska don kada a gane su, yara kuwa sukan yi musu waƙar ba'a. Ban san aikin da aka fi rainawa kamar wannan ba, ban kuwa san wanda gari ya fi bukata ba. Yanzu salga da masai na ruwa sun maye gurbin bokiti, amma salga takan cika, sai an sami mai kwashewa, da mota ko da hannu.

Abin da duba-gari ke aunawa a nan shi ne nisa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar kamar mita 30, watau wajen ƙafa ɗari, tsakanin salga da rijiya, salgar kuma ta kasance a gangare, ba a tudu bisa rijiyar ba, domin ruwa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda ya ke tafiya a sama. A unguwa mai cunkoso kuwa, inda fili ɗaya bai kai ƙafa ɗarin ba, mai gida yana iya kiyaye nasa, amma salgar maƙwabci tana jingine da katangar da rijiyarsa ta ke. Wannan ne ya nuna abin da ya sa tsabtar gari ba ta yiwuwa gida-gida kaɗai. Dole a sami wani wanda idonsa ke ganin gidajen biyu.

Yadda aka gane haɗin ruwa da cuta labari ne da yara ke so, ko da ya ke a nesa ya faru. A 1854 cutar amai da gudawa, wadda a ke kira kwalara, ta faɗa wa wata unguwa a Landan, ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma. A lokacin yawancin likitoci suna tsammani mugun wari ne ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambaya inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya ga kusan dukansu famfo ɗaya su ke sha, na titin Broad. Ya je gaban hukumar unguwar, aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar ramin ƙazanta na wani gida yana yoyo dab da rijiyar. Ku lura, Snow bai ba kowa magani ba. Aikin duba-gari ya yi, da ƙafa da littafi, waɗanda suka cire hannun famfon kuwa hukumar unguwa ce.

Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta bazu a 1971, tun daga nan kuwa ba ta bar mu ba. A 2021 an lissafta mutum fiye da 100,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka mutu, yara 'yan shekarun firamare suna cikin waɗanda ta fi kamawa. Cuta ce da ke iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin yini guda saboda ƙarewar ruwan jiki. Duk da haka hanyarta ɗaya ce tak, daga bayan gidan mai ciwo zuwa bakin mai lafiya. Kowane ɗaya daga cikin ma'aikatan da muka ambata tsaye ya ke a wani wuri a kan hanyan nan yana tare ta. Haka ma'aikatan gidan ruwa, waɗanda yanzu galibi na gwamnatin jiha ne: su sa alif don laka ta kwanta, su tace ta cikin yashi, su sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Inda famfo bai kai ba, sai 'yan garuwa, nan ma duba-gari ne ya kamata ya san inda su ke ɗebowa.

Mai duban nama ba zan daɗe a kansa ba. Yakan isa mayanka da asuba tare da mahauta, ya ga dabba tana tsaye, ya sāke ganinta bayan an feɗe. Ya tsaga huhu ya nemi ƙulle-ƙullen tarin fuka, wanda mutum ke iya ɗauka daga saniya. Ya tsaga hanta ya nemi tsutsa. Ya yanka naman muƙamuƙi da zuciya ya nemi 'yan fararen ƙwayoyi kamar tsabar shinkafa, waɗanda in an ci naman bai dahu ba su ke zama tsila a cikin mutum. In ya ce a binne, asarar mahauci ce ta kuɗi mai yawa, ga shi kuwa shi kaɗai ne tsakanin mutane masu wuƙa. Aikin yana bukatar ƙarfin hali da kuma goyon bayan Sarkin Fawa.

To, duk wannan da me a ke biya? Nan ne malamin tikiti ya shigo, wanda mai tallan tumatir ba ta son ganinsa. Kuɗin rumfa da na tasha da na lasin suna cikin abin da ƙaramar hukuma ke tarawa da kanta, amma mafi yawan kuɗinta daga asusun tarayya ya ke zuwa, inda rabon ƙananan hukumomi duka ya ɗara kashi 20 cikin ɗari kaɗan. Shekara da shekaru kuɗin nan yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, ana ta kukan ba ya isowa cikakke, har a ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Banda haka, a manyan birane jihohi da yawa sun kafa hukumomin shara nasu, ko sun ba 'yan kwangila, har talaka ya rasa ƙofar da zai kai kuka in bola ta cika. Shawarata ga mai sayarwa a kasuwa ita ce ta biya, amma ta karɓi rasit, ta kuma tambayi kansilan mazaɓarta ranar da za a gyara bayan gidan kasuwar. Kuɗin da aka karɓa ba rasit ba ya zama tsintsiya.

Wani zai ce ai akwai ranar tsabta. Gaskiya ne, tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da 1985 aka saba da ware safiyar Asabar a fito a yi shara, waɗansu jihohi kuwa suna yi har yanzu a ƙarshen wata. Ba na kushe ta. Amma mun riga mun ga sauro da ƙuda kwana goma su ke bukata, wata kuwa kwana talatin ne. Sau nawa kuma muka ga an yashe lambatu an tara baƙar laka a bakin titi, mota ba ta zo ba, ruwan sama ya maida ita inda ta fito? Gayya tana da amfaninta, amma ba ta zama madadin ma'aikaci mai albashi wanda zai zo ran Litinin, ya kuma dawo ran Talata.

Yadda za a kai shi aji

Darasin nan ba na allo ba ne, ba kuwa na rana ɗaya ba. Ga yadda na ke ganin za a bi da shi a aji huɗu zuwa shida.

A nemi farar kwalba mai faɗin baki, a ɗebo ruwa mai tsutsa daga tsohuwar taya, a ɗaure bakin da ƙyalle mai shara-shara, a ajiye a inuwa cikin aji. Kowace safiya yaro ɗaya ya zana abin da ya gani ya rubuta kwanan wata. Ranar da sauro ya bayyana yana manne da ƙyallen, ba sauran bukatar dogon bayani. Kada a buɗe. A zuba ruwan zafi ta cikin ƙyallen a kashe shi tukuna.

Sa'an nan a fita da yara, da izinin hedimasta, a zaga makaranta da layi ɗaya ko biyu na kusa. Su zana taswira, su sa alamar rijiya da famfo da masai da bola da inda ruwa ke kwanciya, su auna da taki daga masai zuwa rijiya. Yaro ɗan shekara goma yakan yi taki wajen hamsin ko sittin kafin ya cika mita 30, amma a fara auna takinsa da ma'auni, wannan ma darasin lissafi ne. Kada a shiga gidan kowa, kada kuma a rubuta sunan mai gida a taswira. Mu malamai ne, ba a ba mu littafin tara ba, iyaye kuwa ba za su yafe wa malamin da ya sa 'ya'yansu tonon asirin maƙwabta ba.

In da hali, a rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma a roƙi duba-gari ya zo ya yi wa yara magana, da kayan aikinsa. Ya fi kyau ma ya zo tare da ɗaya daga cikin masu shara. A sa musu kujera iri ɗaya, yara su miƙe su gaishe su gaisuwa iri ɗaya, a kuma shirya tambayoyi tun da wuri: ƙarfe nawa ku ke fitowa, ina a ke kai sharar, me mu ke yi da ke ƙara muku wahala.

Akwai abin da za a yi hattara da shi. Kusan kowane aji na makarantar gari yana da yaron da uwarsa ke sharar titi ko ubansa ke tura baron bola, yawanci kuma yakan ɓoye. Kada malami ya nuna shi, ko da da nufin yabo ne. In yana so ya faɗa, zai faɗa da kansa. Malamin da ke ce wa rago, in ba ka yi karatu ba sai ka ƙare a shara, ya san akwai mai jin maganan nan a kan mahaifiyarsa. Haka kuma al'adar nan ta maida shara da wankin masai horon mai laifi ko mai makara. In kullum tsintsiya bulala ce, ba darasin da zai sa yaro ya ga girman mai riƙe ta. Gara a raba aikin bi da bi, kowane rukuni da ranarsa, har da ɗan hedimasta da mai zuwa na ɗaya a jarrabawa, malamin da ke kan aiki a satin kuma ya duba randar aji da kansa kowace Juma'a kafin a tashi.